Daga Maƙera Zuwa Masu Gyaran Rediyo: Tarihin Injina a Karkarar Arewacin Kano

Ƙasar da ke arewa da birnin Kano, wato daga Ungogo da Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Minjibir zuwa Dambatta da Makoɗa, ƙasa ce wadda jama'a suka cika ta tun zamani mai tsawo, har ya zamana gona tana jingine da gona, gida yana hango gida, babu wani dajin kirki a tsakani face kuka da ɗorawa da gawo waɗanda manoma suka bari da gangan saboda amfaninsu. A cikin wannan ƙasa aka yi wata tsara ta mutane, galibinsu haihuwar shekarun 1930 da 1940, waɗanda suka ƙarar da rayuwarsu a gindin injin niƙa, ko a rumfar gyaran rediyo, ko a bakin fadama suna kwance injin ban ruwa suna ɗaurawa. Da yake a yanzu ajali yana ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya, ya wajaba a tsaya a bi asalin sana'arsu daki-daki, domin littattafan tarihi sun kiyaye sunan sarkin da ya buɗe gidan wuta da na gwamnan da ya gina madatsar ruwa, amma sun yi shiru game da mutanen da suka hana waɗannan na'urori mutuwa shekara da shekaru bayan an watse daga bikin buɗewa.

Asali: Maƙeran Dala

Abin da ake faɗa a ruwayar baka shi ne, cikin mutanen farko da suka zauna a gindin Dutsen Dala akwai maƙera da ake kira Abagayawa, waɗanda aka ce kakansu, wani maƙeri mai suna Kano, ya taso daga Gaya yana neman tama, ya same ta a nan, ya yada zango, har garin ya ci sunansa. Wannan ruwaya ce da aka gada kunne ya girmi kaka, ba rubutun wanda ya gani da ido ba ne. Abin da bincike ya tabbatar kuwa shi ne, an tono ragowar wurin narka tama a Dala, awon masana kuma ya mayar da shi zuwa wajen ƙarni na bakwai na Miladiyya, wato tun kafin Bagauda, wanda ake lissafa farkon sarautarsa daga shekarar 999. Saboda haka, ko da sunan maƙerin ya zama almara, aikin ƙarfe a ƙasar Kano ya girmi sarautar Kano.

Da tafiya ta yi tafiya sana'ar ta rabu biyu: maƙeran baƙi, masu garma da fartanya da lauje da gatari da takobi, da maƙeran fari, masu aikin tagulla da azurfa, kowane ɓangare da shugabanninsa a ƙarƙashin Sarkin Maƙera. Ƙasar da ake noma ta kowace damina ba hutu, ana ciyar da ita da takin da jakuna ke ɗebowa daga birni, ba ta iya rabuwa da maƙeri, domin fartanyar da ta sha aiki dole ta koma maƙera kafin ruwa ya sauka. A wannan maƙera aka kafa ƙa'idoji uku waɗanda kanikawa suka gada daga baya: ana koyon sana'a ne ta zama a gaban maigida, ana farawa daga zuga, ba a yar da ƙarfe komai tsufansa, kuma ido da kunne su ne ma'aunin gwani, shi ya san launin ƙarfen da ya isa duka da amon wanda ya tsage.

Daga 1903 Zuwa 1931: Zuwan Jirgin Ƙasa

A watan Fabrairu na 1903 Turawan Ingila suka ci Kano, suka naɗa Sarki Abbas. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso, a 1912 aka buɗe ta ga fasinja da kaya. Turawa sun shimfiɗa ta ne da zaton auduga za su kwasa su kai masaƙun ƙasarsu, amma manoman Kano suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, ga harawa ga dabbobi, in kasuwa ta faɗi kuma ana iya cin ta, sai suka karkata gare ta. Daga nan aka sami manyan attajirai irin su Alhassan Ɗantata, aka kuma sami dalar gyaɗa.

Wannan al'amari ya haifar da abubuwa biyu a maƙera. Na farko, tsofaffin ƙarafan jirgi da na motoci suka yawaita, suka fi tama arha, har narka tama ta yi ta ja baya ta mutu, maƙeri ya koma mai sarrafa ƙarfen da wani ya narka a wata ƙasa. Na biyu, kuɗin gyaɗa ya shigo hannun talaka, ya sayi keken hawa Raleigh, da keken ɗinki Singer, da fitilar ƙwai, mai hali kuma ya sayi garmaho. Duk waɗannan suna lalacewa, kuma babu mai mayar da su Ingila gyara. Don haka bakaniken farko a ƙauye shi ne mai gyaran keke, wanda sau da yawa ɗan gidan maƙera ne, da sifanarsa da kwanon ruwan da yake neman hujin tayar ciki.

Birni kuwa yana ta ganin sababbin abubuwa. A watan Nuwamba na 1925, zamanin Sarki Usman, jiragen sama na farko suka sauka a Kano. A 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe aikin ruwan famfo da wutar lantarki, wanda aka yi da kuɗin Baitulmalin Kano. Amma wayar wutar ba ta ƙetare zuwa karkara ba, wannan rashi kuma shi ne sababin duk abin da ya biyo baya, domin mutumin ƙauye bai sami inji ko rediyo ba sai wanda ke ɗauke da ƙarfinsa a jikinsa, wato mai shan mai ko mai cin batir.

Daga 1939 Zuwa 1957: Yaƙi da Rediyo Mai Waya

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, aka ɗebi samarin Arewa masu yawa aikin soja, aka kai wasu Habasha, wasu Bama, a can kuma aka koya wa wani adadi daga cikinsu tuƙi da kanikanci da aikin wayar iska. Da suka dawo bayan 1945, suka zama direbobin lori da masu gareji, su ne kuma malaman farko na yaran da aka haifa a shekarun 1930.

A cikin yaƙin ne, a 1944, aka kafa rediyo mai waya a Kano. Tsarinsa shi ne, tasha guda ke kamo shirin Landan, ta haɗa da nata, ta tura ta waya zuwa lasifikokin da aka kafa a dandali da kuma akwatunan da mutane ke haya a gidajensu suna biya wata-wata. Mai akwati ba shi da ikon sauya tasha, iyakarsa ya ƙara murya ko ya rage ko ya kashe. A 1951 gwamnati ta kafa ma'aikatar watsa labarai ta Nijeriya, a 1957 ta mayar da ita hukuma mai cin gashin kanta. Rediyon da ba ya bukatar waya a wancan lokaci babban akwati ne na katako, cikinsa da ƙwayaye na gilashi waɗanda sai sun ɗau zafi kafin murya ta fito, ga cin batir mai nauyi da tsada, saboda haka a ƙauye ba a ganinsa sai a zauren hakimi ko alƙali ko babban mai awon gyaɗa, inda jama'a kan taru bayan sallar isha'i. Malamai kuma suka yi saɓani a kansa: wasu suka karhanta a karanta Alƙur'ani a cikin abin da ake kaɗa kalangu a cikinsa, wanda kuma muryarsa ke iya faɗawa wurin da ba shi da tsarki, wasu suka ce kayan aiki ne kawai, hukuncinsa yana bin abin da aka yi da shi. Ra'ayi na biyu ne ya yi rinjaye a aikace.

Daga 1957 Zuwa 1970: Rediyo Ya Shiga Gona

A ƙarshen 1947 masana a Amurka suka ƙago tiransisto, ɗan ƙanƙanin abu da ke yin aikin waɗancan ƙwayaye na gilashi ba tare da zafi ko cin wuta ba, kamfanonin Japan kuma suka ɗauke shi suka cika duniya da ƙananan rediyo masu aiki da batirin tocilan. Wannan ya zo daidai da buɗe tashoshin Hausa: Sashen Hausa na BBC ya fara magana ran 13 ga Maris 1957 da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi, gwamnatin Sardauna ta kafa gidan rediyon Kaduna a 1962, Jamus da Mosko da Sin suka bi sahu, Muryar Amurka kuma ta zo a 1979. Sirrin isowar waɗannan muryoyi daga nesa shi ne gajeren zango, wanda saƙonsa ke tashi sama ya daki wani sashe na sararin samaniya ya komo ƙasa a wuri mai nisa, shi ya sa kamun tasha ke sauyawa tsakanin dare da rana, gwanin saurare kuma ya san mita nawa zai murɗa da asuba, nawa da almuru.

Nan da nan rediyo ya bar zauren hakimi, ya koma rataye a reshen gawo manomi yana noma, ko a kafaɗar makiyayi. Ta cikinsa mutanen karkara suka ji rasuwar Sardauna ran 15 ga Janairu 1966, suka bi labarin yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, suka ji an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967. Ta cikinsa suka saurari Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da gaishe-gaishen Zaɓi Sonka, da azumi kuma tafsirin Shehu Abubakar Gumi daga Kaduna da na Shehu Nasiru Kabara daga Kano. Abin da ya zama haka a rayuwar mutum ba ya yarda ya kwana a mace, don haka kowace kasuwar ƙauye ta sami rumfar mai gyaran rediyo.

Injin Niƙa

A cikin wannan zamani ne kuma, daga shekarun 1950 a manyan garuruwa, zuwa shekarun 1970 a ƙananan ƙauyuka, injin niƙa ya bazu. Wanda ya fi suna shi ne na kamfanin Lister da ke garin Dursley a Ingila, wanda ya fara ƙera wani samfurin inji mai shan gas wajen 1930, bai daina ba sai 1987, masana'antun Rajkot a Indiya kuma suka kwaikwaye shi suka ci gaba da fitarwa. Inji ne na zubin ƙarfe mai fistin guda, mai ƙarfin doki shida, nauyinsa ya haura kilo 300, da manyan ƙafafu biyu masu juyawa sau 650 a minti, wato a hankali ƙwarai in an gwada da injin zamani, wannan sanyin tafiya kuwa shi ne asirin tsawon ransa. Ba shi da fulogi, domin fistin ne ke matse iska har ta yi zafin da in nozul ya fesa gas sai ya kama da kansa. Duro guda na ruwa ke sanyaya shi. Ana tayar da shi da hannu, a ɗaga ɗan ƙarfen da ke sassauta matsi, a yi ta juya hannun har ƙafafun su ɗau gudu, sannan a sake shi, inji ya yi tari ya kama. Wanda ya yi sakaci da hannun nan yakan rasa haƙori ko ya karye a wuyan hannu, shi ya sa ba a barin sabon yaro ya taɓa shi.

Fa'idarsa ta fi bayyana ga mata, waɗanda a da sukan kwana su tashi tsakanin turmi da dutsen niƙa; da yake kulle ya yi ƙarfi a karkarar Kano, yara ne ke kai surfaffen hatsi gidan inji a ƙwarya, su jera, su komo da gari. An ce da farko wasu magidanta sun ƙi tuwon garin inji, suna cewa yana warin ƙarfe, bai kai na daka gardi ba, amma sauƙi ya rinjayi gardi. Mai inji kuwa ya zama likitan injinsa. Baƙin hayaƙi yana gaya masa kaya sun yi yawa ko nozul ya toshe, shuɗi yana nuna ringi ya cinye inji yana shan baƙin mai, fari kuma ruwa ne ya shiga inda bai kamata ba. Yakan ɗora bakin sukundireba a jikin inji ya kara ƙotar a kunne ya faɗi inda ciwon yake, ya yanka gasket daga kwali, ya ɗinke bel da waya, in haƙoran faifan niƙa sun dakushe a kai su a sake fiƙe su.

Daga 1967 Zuwa 1986: Madatsun Ruwa da Kuɗin Mai

Gwamna Audu Baƙo, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya sa himma a kan madatsun ruwa. Aka gama Tiga a 1974, a arewacin jihar kuma aka sami Tomas da Jakara da Gari da Watari. Ana cikin haka farin 1972 zuwa 1974 ya auku, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da fari ya bari, dalar gyaɗa ta ɓace. Manomin da gonarsa ƙarama ce tun asali, gado kuma yana ƙara tsattsaga ta, ya ga babu mafita sai noman rani. A farkon shekarun 1980 aka kafa hukumar bunƙasa noma ta KNARDA da taimakon Bankin Duniya, ta yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse a fadamu da injinan ban ruwa masu shan fetur irin su Honda da Robin, jigo kuma, wanda aka yi ɗaruruwan shekaru ana ɗaga ruwa da shi guga-guga, ya soma ɓacewa. Kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji na 1975 suka cika kasuwa da babura da rakoda mai kaset, abin da kamfanin Philips ya fito da shi a 1963. Bakaniken da ya ƙware a gas ya zama tilas ya koyi kafireto da fulogi, mai gyaran rediyo ya koyi bel ɗin rakoda da kan da ke karanta zare.

Daga 1986 Zuwa 2001: Zamanin Gyara

A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, sabon kaya ya fi ƙarfin talaka. Abin da ya zama musiba ga mai saye ya zama lokacin da gwanintar masu gyara ta kai matuƙa, domin abin da a da za a yar yanzu dole a tashe shi. Ranar kasuwa, dattijo zai zo da rediyonsa a naɗe cikin tsumma, batura a ɗaure a bayansa da robar tayar keke, ya ce, "Malam, jiya ina cikin jin labaru ya ɗauke." Mai gyara ya ce, "Kawo mu gani, Baba, in Allah ya yarda zai tashi." Sai ya buɗe bayansa, ya busa ƙurar hunturu, ya gwada batir a harshe, ya taɓa gindin maɓallin murya da tsinin sukundireba: in lasifika ta yi ƙara, ya san ɓangaren murya lafiya yake, ciwon yana wajen kamun tasha, in ta yi shiru, ya bi ta baya. Ƙarfen dalmarsa yana cikin garwashi ko bisa risho, tun da babu lantarki. In zaren da ke jan allurar tasha ya tsinke, zaren ɗinkin takalmi ya maye gurbinsa. Kayan gyara kuwa daga buhun matattun rediyo yake ciro su, abin da ya gagara sai ranar da ya shiga Sabon Gari, kamar yadda bakanike ke nufar Ƙofar Ruwa neman fistin da ringi.

Gwamnati ta buɗe makarantun sana'a a Kano da Wudil da Bagauda da Ungogo, sun kuma yi amfani, amma galibin waɗannan mutane ba su bi ta can ba. Uba ne ke kai ɗansa wurin maigida ya damƙa amana, yaro ya shekara yana wanke ƙarafa da kananzir yana miƙo sifana kafin a bar shi ya kwance ko da noti guda, in ya ƙware a yi masa addu'a a yaye shi. Iliminsu yana da silsila irin ta malaman zaure: kowa ya san wanda ya koya masa, da wanda ya koya wa maigidansa, har a kai ga wani tsohon soja ko ma'aikacin jirgin ƙasa. Da yawansu ba su karanta boko ba, da ajami suke rubuta bashin da ake bin su da wanda suke bi, amma suna gane ƙimar kowane ɗan ƙaramin abu a cikin rediyo daga zoben launukan da ke jikinsa.

Daga 2001 Zuwa Yau

A 2001 wayar salula ta shigo Nijeriya, a 2003 Freedom Radio ta fara watsa shiri a Kano, tashoshin FM masu zaman kansu suka biyo baya da yawa. Saurare bai ragu ba, sai dai akwatin ne ya sauya hali: rediyon Sin mai arha duk hikimarsa tana cikin ƙwaya guda da aka rufe da baƙin danƙo, ba a buɗe ta balle a gyara, kuɗin sabo kuma bai fi ladan gyara da yawa ba. Haka injinan Sin marasa nauyi, masu saurin juyi da saurin mutuwa, suka ture tsohon Lister, 'yan gwangwan kuma suna bi ƙauye-ƙauye suna sayen gawarsa a kan sikeli, a farfasa a kai narkawa. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, manoman rani suna ta komawa ga famfo mai aiki da hasken rana, wanda ba shi da fistin balle ringi.

Basirar dai ba ta ƙare ba. 'Ya'yan masu gyaran rediyo su ne ke gyaran waya a kasuwar Farm Centre, su ne ke kafa faifan sola a kan rufin masallatai. A 2007 ma duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero, wanda ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota ƙirar Honda. Abin da ke shirin ɓacewa shi ne ilimin tsofaffin injinan kansu da tarihin waɗanda suka riƙe su. A Ingila akwai ƙungiyoyin masu tara irin waɗannan injina, da gidajen adana su irin su Anson kusa da Manchester, inda ake tayar da su jama'a su gani, alhali a can sun daɗe da zama abin sha'awa kawai, a nan kuwa su ne suka ciyar da garuruwa. Haƙƙi ne a kan Gidan Makama da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da sassan tarihi na jami'o'inmu su sayi kaɗan daga cikin injinan da suka rage kafin sikeli ya cinye su, su ajiye su suna aiki, su kuma aika ɗalibai Bichi da Dambatta da Minjibir su zauna gaban dattawan da ke raye, su rubuta wanda ya koya musu, da shekarar da inji ya fara shiga garinsu, da dabarun da suka ƙago da kansu. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikinsu, Allah ya jiƙansu, ya sanya amfanin da jama'a suka samu ta hannunsu a mizaninsu.